Zuciyar Ɗan Tsere

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baba ta zo masa da la'asar, a bakin filin wasanni na makarantar da ya yi wa aiki har ya yi ritaya, a Gummi. Da gudu ya isa wurin. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa.

Ina gidan aurena a Bukkuyum aka kira ni. Yanzu babu mai hankalin da zai hau hanya da yamma, don haka sai da gari ya waye na samu mota, na tarar har an kai shi. Na shiga ɗakin Inna na zauna kusa da ita. Mata na shigowa suna fita, kowace ta ce ya haƙuri, mu ce da godiya. Sai dai babu wadda ta iya tsayawa a nan, kowace sai ta ɗora da labarin gudun.

Mai ƙosan bakin titi, wadda ya wuce ta gabanta, ita ta fi kowa baki. "Wallahi ɗiyata, da idona na gan shi. Gwiwa sama, hannuwa na aiki, awa yaro ɗan makaranta. Ba hula, takalmi guda ga ƙahwa. Na ce wanga tsoho mi ya koro shi?"

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta share hawaye da bakin gyale ta ce, "Ai ko mutuwar sai da ta yi da gaske kahin ta cim mashi." Wasu suka yi murmushi, wasu suka ce Allah shi jiƙan shi. A waje kuma tsofaffin ɗalibansa sun cika tabarmi, daga Anka, daga Gwashi, har da waɗanda suka baro ramukan zinari da ƙasa a farcensu. Ina jiyo su ta katanga suna cewa Masta ya tafi yadda ya kamace shi.

Ni kuwa ban yi murmushi ba. Na tsani yabon nan, kuma har yau na tsane shi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai fitar da dattijo mai shekara saba'in da wani abu a guje, alhali likita ya hana shi ko ɗaukar bokiti. Baba bai fita don ya nuna wa mutanen Gummi yana da sauran ƙarfi ba. Ɗana ya bi, don ya hana shi tsere.

Ga shi na rubuta "ɗana", har hannuna na yi mini nauyi. Ɗan fari ne, kuma sunan Yayana marigayi gare shi, saboda haka kunya biyu ce ta hau kaina. Ban taɓa kiran sunansa ba. A gida Maisuna ake ce masa, ni kuma sai in ce "yaron can". Tun da aka yaye shi aka kai wa Baba da Inna, a can ya girma, yana kirana Adda kamar yadda ƙannena ke kirana. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne kada labarin Baba ya tsaya a bakin mai ƙosai.

Baba malamin wasanni ne, kafin nan kuma ɗan tsere ne. A zamanin tsohuwar jihar Sakkwato ya yi gudun mita ɗari, ya ciyo kofuna biyu da Inna ta mayar wurin ajiyar allura da maɓalli. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya iya tafiya a hankali ko masallaci zai je. Usur ɗinsa a wuya yake kwana. Idan tuwo ya makara sai ya tsaya a tsakar gida ya busa, Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Ka busa wa tukunyar, ni ba ɗalibarka ba ce."

Da asuba yake fitar da yara fili, ya sa su zana layuka da toka. Ba ya son dogon gudu, yana cewa wannan aikin masu haƙuri ne. Nasa shi ne a tashi kamar an tsikare ka, a ƙare kafin mai kallo ya gyara tsayuwa, a huta, a sake, a sake, har yaro ya riƙa ganin duhu. Yana da magana guda da duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace: "Wanda duk ya ƙare tsere a tsaye, ya ɓoye wani abu." Idan yaro ya zube a ƙarshen layi, Baba murna yake yi. Ya sheƙa masa ruwa, ya ɗaga shi, ya ce yau ka yi gudu.

Bayan kowane tsere kuma sai ya kamo yaro, ya manna kunnensa a ƙirjinsa, ya rufe ido. Yana sauraron yadda bugun ke sauka ne. Idan zuciya ta yi saurin kwantawa sai ya ce horo ya shiga, idan ta daɗe tana dukan tara-tara sai ya ce da saura. Yakan zaunar da su a gindin dalbejiya ya yi musu bayani: mai dogon gudu zuciyarsa faɗi take yi kamar tulu, don ta ɗebi jini da yawa, shi kuwa ɗan gajeren tsere tasa kauri take yi kamar damtsen maƙeri. Wai tun yana saurayi aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likitan ya ce masa zuciyarsa babba ce, ta ɗan tsere. Wannan kalma ita ce dukiyar Baba, ya fi ji da ita a kan kofunan.

Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Yaran ƙauye da ba su da kowa a gari, a zaurenmu suke shan fura bayan horo, Inna na mita tana ƙara dama wata. Ran makoki wani mutum ya nemi iso ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, baƙi siriri, ya ce shi ne wanda kullum yake zuwa na ƙarshe a ajinsu, amma Masta bai taɓa korar sa daga fili ba, sai ma ya ware shi yana koya masa yadda ake tashi daga durƙuso. Ya ce shekarun baya mutanen daji sun tare su a hanyar kasuwa, ya faɗa gonar dawa da irin tashin nan, ya tsira, abokan tafiyarsa ba su tsira ba. Da ya zo ya ba Masta labari don ya yi godiya, sai Masta ya ce, "Ba don wanga na koya maku ba." Daga nan ya tashi ya kawo masa fura da kansa.

A duk ƙirazan da Baba ya saurara, na mutum biyu ne kawai ya ji wani abu daban, na Yaya da na Maisuna. Yana cewa a ƙarƙashin bugun akwai wani huci, kamar na zugazugi. Wani abokinsa malamin asibiti ya taɓa sa masa abin sauraron ƙirji a kunne ya ji tasa zuciyar, ya ji hucin nan. Shi ke nan, Baba ya yanke hukunci. "Ta gidanmu ta," in ji shi. "Irin tawa. Tana da huci, don ƙarhi ya yi mata yawa." Yakan kira baƙi su zo su saurara a ƙirjin Yaya, Yaya na dariya yana jin kunya.

Yaya yana ajin ƙarshe ya rasu. Kafin ranar ya suma a wurin horo ba sau ɗaya ba, Baba na sheƙa masa ruwa yana alfahari. Ranar gasar shekara ta makaranta ina cikin 'yan mata masu kallo, na sa sabon ɗankwali. Yaya ya tsinke igiya shi kaɗai, ya ƙara 'yan taku, ya durƙusa, ya kifa. Fili ya ɗauki tafi. Baba ya taho da bokiti yana murmushi, ya sheƙa masa ruwa, ya juya shi, ya sa kunne a ƙirjinsa. Ina kallon murmushin nan yana barin fuskarsa a hankali. Ya daɗe a haka, kunne a ƙirji, har masu tafi suka gaji suka yi shiru.

Mutane sun faɗi abin da suka saba faɗi. Wasu suka ce jifa ne daga abokan karawarsa, wasu suka ce iska ce ta filin. Shekaru bayan haka, da gubar dalma ta kashe yara a Yargalma, Inna ta ce ko ita ce, alhali Yaya bai taɓa zuwa kusa da inda ake niƙan dutse ba. Baba dai cewa ya yi kwana ya ƙare. Ya rataye usur a ƙusa har damina ta zagayo, sannan ya ɗauke shi ya koma fili. Da na haifi namiji aka sa masa sunan Yaya, mijina da kansa ya ce a kai wa tsoho ya rage masa kewa.

Baba ya so yaron nan so mai tsanani. Abokina yake ce masa, suna faɗa a kan wa Inna ta fi so, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Tun yana ƙarami yake ɗora shi a layin toka. Da ya tasa, babu mai taka masa a Gummi, har daga Anka ake zuwa kallonsa. Baba ya buɗe akwati ya fito da takalmin Yaya mai ƙusoshi, ya kai wa baduku ya gyara, ya ba shi. Ni ina Bukkuyum ina jin labari, in an yabe shi a gabana sai in kau da kai kamar ba da ni ake ba.

Wata rana ƙanwata ta zo mini yini, muna tsince wake, take ce mini cikin dariya, "Ai ɗan naki ya zama cikakken ɗan tsere, jiya ma sai da anka zuba mashi ruwa." Na ajiye faifan. Washegari ranar kasuwa ce, akwai motoci, na hau na tafi Gummi ba tare da na ci komai ba.

Na tarar da Baba a zaure yana gyara igiyar usur. Na gaishe shi, na zauna, na ce, "Baba, an ce yaron can ya suma."

"Ya yi gudu dai," in ji shi.

"Haka Yaya ya fara."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke, yaushe kinka fara magana bisa ɗan fari? Ina kunyarki ta tahi?"

"Baba, a kai shi asibiti a duba shi."

"A duba mi? Ni na saurari zuciyar yaron ga da kunnena. Irin tawa ta, ga ni zaune gabanki na tsuhwa."

Ni ma 'yarsa ce, zuciyata ba ta da nisa. Na ce, "Ta Yaya ma ka saurara."

Ya ɗauki butarsa ya fita, alhali lokacin salla bai yi ba. Inna, wadda ta ji komai daga tsakar gida, ta ce mini, "Kin taɓa mashi inda ba a taɓawa." Daga ranar ya daina amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya, har sallah ta zo ta wuce. Mijina ya ce shi ya riga ya ba tsoho yaro, ba shi da ta cewa. Na yi kuka, na yi fushi, yaro kuma ya ci gaba da gudu.

Ciwo ne ya sasanta mu. Baba ya fara haki idan ya taka matakalar masallaci, jiri na ɗibar sa a ruku'u, ƙafafunsa suka kumbura. Aka ce sai Gusau. Inna gwiwa ta hana ta tafiya, don haka ni na raka shi. Muka bi ayarin motocin safe ta Anka, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a.

Likitan matashi ne mai sanyin murya. Ya kwantar da Baba, ya shafa masa wani mai a ƙirji, ya riƙa goga na'ura irin wadda ake duba masu ciki da ita, sai ga zuciyar Baba a allo tana buɗewa tana rufewa. Likita ya daɗe yana aune-aune. Baba ya ce, "Ɗana, kada ka wahal da kanka. Kauri za ka gani. Zuciyar ɗan tsere ta."

Likita ya ce, "Baba, yaushe rabonka da horo?"

"Tun ba a haihe ka ba."

Sai ya jawo kujera ya zauna, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce abin da Baba ke koya wa yara akwai gaskiya a ciki. Gudun tsere yana sa bangon zuciya ya ɗan yi kauri, saboda tana tura jini da ƙarfi a ɗan lokaci. Amma kaurin kaɗan ne, kuma daidai yake ta kowane gefe, cikin zuciyar ba ya matsewa, tana saki ta cika da jini yadda ya kamata. Idan mutum ya bar horo na wasu watanni, sai ta koma yadda take. Ya nuna allo da biro ya ce, "Wannan kuwa dubi, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya yi tauri, ya matse hanyar da jini ke fita. Ba gudu ne ya kawo shi ba. Da shi aka haife ka, kuma gado ne, yana bin jini."

Baba ya ce, a hankali, "Hucin fa?"

"Wane huci?"

"Wanda ake ji ƙarƙashin bugu."

"Ka taɓa jin sa?" in ji likita. "Ƙarar jini ce yana kutsawa ta matsattsiyar hanya. Mai irin wannan zuciya yana iya tsufa lafiya, kamar kai. Wani kuma yana tsakiyar gudu bugun zai rikice ta tsaya. Suma a wurin gudu ba alamar ƙoƙari ba ce, Baba, gargaɗi ne. A gidanku akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu yana matashi?"

Baba ya zuba wa silin ido, man nan na sheƙi a ƙirjinsa. Ni na amsa. Na kuma faɗa masa akwai jika, kuma ya fara suma. Likita ya ce kada yaron ya sake gudu sai an duba shi, kuma duk wanda ya fito daga jikin Baba a kawo shi, har ni. Ranar layi ya yi tsawo, direba kuma ya ce ba zai kai azahar a Gusau ba, dole muka taho ba a duba ni ba.

Har muka wuce Anka idon Baba na waje. Yana kallon gonakin da aka bari ba shuka. Can sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shekara da shekaru ina jin shi. Ina kiran mutane su zo su ji." Sannan ya ce, "Kin hwaɗa mani." Wallahi da na san haka maganar za ta fito daga bakinsa, da na fi son ya ci gaba da fushi da ni. Na rufe fuska da gyale har muka iso.

A ranar ya karɓe takalmin ƙusoshin ya kulle a akwati. Inna ta ba ni labarin yadda suka kwashe. Yaron ya riga ya ji cewa masu zaɓen 'yan tseren jiha za su zo makarantarsu, kuma kowa ya san shi za a ɗauka. Ya ce, "Tsoho, kai ka ce mani irin taka ce."

"Don haka na hana ka."

"Kai ka yi naka gudun, ka ci kohunanka. Ni ne ba ka so in yi?"

Baba ya ce, "Abokina, na yi kuskure. Ka bari a duba ka, in an ce lahiya lau ni zan ɗaura maka takalmin da hannuna." Yaron ya daina cin tuwo a kwanonsa. Aka sa ranar tafiya Gusau, sai hanya ta lalace, aka kwashi mutane a mota biyu, direbobi suka ajiye makullai. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Masu zaɓe kuwa ta wata hanyar suka biyo, suka iso.

Gidanmu ba shi da nisa da makarantar. Ran nan Baba na zaune a tsakar gida bayan la'asar, sai ya jiyo usur daga fili, da hayaniyar yara. Inna ta ce ya miƙe ya ɗaga labulen ɗakin yaron, ya ga wayam. Sai ya fice da gudu. Abin da mai ƙosai ta gani ke nan. Ya isa bakin fili lokacin da suka durƙusa a layi, yaron a tsakiya da takalmin aro. Numfashi bai bar shi ya yi kira ba, sai hannu yake ɗagawa. Mai usur tsohon ɗalibinsa ne, da ya hango shi sai ya sauke usur daga baki. Baba ya ƙara taku ya faɗi. Ba a yi tseren ba. Yaron ne ya fara isa gare shi, kuma an ce abin da ya fara yi shi ne ya sa kunne a ƙirjinsa.

Ran sadakar uku, bayan an shafa fatiha, tsofaffin ɗaliban suka kawo shawara a zaure. Za su haɗa tsere don tunawa da Masta, kuma jikansa ne zai buɗe shi da takalmin gidan. Masu zaɓen ma sun ce za su dawo saboda shi. Kawu, wan Inna, shi ya shigo ya faɗa mana, fuskarsa a sake, yana ganin an karrama mu. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai, tana cikin takaba ba ta da ƙarfin gardama. Mijina yana cikin zauren, na san ba zai buɗe baki a kan ɗan fari a gaban mutane ba.

Na ja gyale na tafi ƙofar zaure, na tsaya a bayan asabari. Gwaggo na riƙo ni ina fizgewa. Na yi sallama. Na ce, "Ku yi haƙuri da ni, iyayena da yayyena. Ɗana ba zai yi gudu ba."

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi. Ɗiyar wa ke magana haka bisa ɗan fari?"

"Ɗiyar mamacin ce. Kuna ta yabon gudunsa, ba wanda ya tambaya ina za shi. Hana wannan tseren ya tafi yi, kuma ya hana. Yanzu kuna so ku ƙarasa abin da ya ba da ransa a kai? Ciwon zuciya ne a gidanmu, shi ya kashe Yaya a gabanku kuna tafi. Wanda ke son Masta ya nemo mana motar da za ta kai yaron nan Gusau."

Na ji Gwaggo a bayana tana salati, tana cewa na tona wa gida asiri, wa zai auri 'ya'yanmu yanzu. Ban juya ba. Can cikin zauren sai muryar baƙin mutumin nan, mai zuwa na ƙarshe, ta ce, "Ina da mota. Ran da hanya ta buɗe ni zan kai su." Yaron yana wurin a zaune cikin maza, ya ji komai. Ya tashi ya fita ta ƙofar waje.

Mutumin ya cika alkawari. Likita ya duba yaron, ya ce bangon ya yi kauri, amma tun da yana cikin horo ba zai yanke hukunci ba, a bar shi ya huta na wasu watanni. Idan gudu ne ya kawo kaurin, zai ragu. Na ɗauko shi na dawo da shi Bukkuyum, gidan ubansa da bai taɓa zama a ciki ba. Watannin nan ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Ni kuma kullum ina roƙon Allah ya sa Baba ne ya yi gaskiya tun farko, ya sa ta ɗan tsere ce, in ji kunya a gaban duk mutanen Gummi. Da na yi murna da wannan kunyar.

Da muka koma, kaurin na nan yadda yake. Likita ya rubuta masa magani, ya ce zai iya aiki, zai iya aure, zai iya tafiya ko'ina, amma tsere da duk wani gudu na fizga ya ƙare. Ni ma aka duba ni, aka samu, ba mai yawa ba. Ta jikina ya bi ya isa gare shi. A mota yaron ya ce, "Adda, ke ma kina da shi?" Na ce ina da shi. Ya ce, "Ke ai ba ki taɓa gudu ba." Ya dubi ƙafafunsa ya ce, "To ni mi zan yi da waɗannan?"

Kwanakin baya, ranar kasuwa, na aike shi ya taya ni ɗauko gero. Muna cikin rumfuna sai aka ji harbi daga gabas, wani ya ce ga su nan. Kasuwa ta watse. Masu babura suka tayar, mata suka zubar da kaya, tsofaffi da guragu kowa na gudu iyakar ƙarfinsa. Na ga jikin yaron ya sauka, kafaɗa ta yi gaba, ƙafa ɗaya ta koma baya, daidai yadda Baba ya koya masa. Na cafke wuyan hannunsa. Rabon da in riƙe hannun nan tun ranar da aka yaye shi.

Da ya so, da fizga ɗaya ya kuɓuce, kuma babu wanda zai cim masa a duk kasuwar. Ina jin jijiyarsa na bugawa a ƙarƙashin yatsuna. Ya dube ni, ya dubi hanya, sannan ya miƙe tsaye. Muka bi lungu da sauri-sauri, ana bangaje mu ana wucewa, yaron da ya fi kowa gudu a Gummi yana tafiya da ƙafa a gefen uwarsa. Da haki ya fara kama ni sai ya rage sauri, ya ce, "Sannu-sannu, Inna. Ke ma an hana ki."

Harbin a wani ƙauye ne, ba su shigo gari ba ranar. Mun isa gida, ya saki hannuna ya shige ɗaki.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haɗa shi da Yaya a inda babu haki. Masu cewa ya yi kyakkyawan gudu, na daina musu da su. Ya isa kafin a busa usur. Abokinsa yana nan da rai, ga shi can a tsakar gida yana alwala.